Daga Kano zuwa Jidda da yara uku: abin da kunne ya sha a hanya

Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilimi, amma duk magidancin da ya taɓa ɗaukar iyalinsa a jirgin sama ya san cewa kafin a kai ga ilimin sai an biya kuɗin makaranta da haƙuri. Idan ana hirar wahalhalun tafiya, akan ambaci tsadar tikiti, da jiran biza, da dogon layin binciken kaya. Abin da ba a cika kawowa ba shi ne ƙara, wato rugugin nan da ke cika cikin jirgi tun daga lokacin da aka tayar da inji har a kashe shi. Babba yakan saba da shi bayan ɗan lokaci, ya ɗauka ya daina ji, alhali kunnensa na nan yana aiki. Yaro kuwa bai iya wannan daurewar ba, kuma ba shi da kalmar da zai faɗi abin da ke damunsa, sai dai ya yi ta mutsu-mutsu ko ya ɓarke da kuka.

A hutun makaranta da ya wuce Allah Ya nufe ni da zuwa Umara tare da mahaifiyata, da maiɗakina, da 'ya'yanmu uku: yarinya 'yar shekara tara, yaro ɗan shekara biyar, sai auta mai wata goma sha huɗu. Ba mu samu jirgin da zai kai mu Jidda kai-tsaye a ranar da muke so ba, don haka muka bi ta Addis Ababa, babban birnin Habasha. Zango na farko ya haura sa'o'i huɗu a sama, na biyu kuma sa'o'i biyu da wani abu, ban da zaman jira a tsakani. Cikin guzurinmu akwai hedifon guda biyu masu kashe ƙara domin manyan yaran, da abin rufe kunne irin na jarirai domin auta. Abin da na gani game da amfanin waɗannan kaya da kuma iyakarsu shi ne nake son in ba mai karatu labari, domin na san iyalai da dama suna shirin irin wannan tafiya.

Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano wuri ne da ya daɗe da sanin ƙarar inji, domin a Kano jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan, a shekarar 1925. Kafin jirgi ya zama hanyar alhazai, kakanninmu a ƙasa suke bi, su ratsa Barno da Chadi da Sudan har gaɓar Bahar Maliya, da mata da yara da jakuna. Tafiyar kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, ana yi ana tsayawa neman guzuri. Wasu ma a hanyar suka yada zango na dindindin, kuma zuriyarsu na nan a Sudan har gobe, a garuruwa irin su Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu. Yaron wancan zamani ya sha rana da ƙishirwa, amma yana da sararin gudu, yana kwana cikin shiru. Yaron yau an taƙaita masa tafiyar zuwa wuni guda, sai dai an ɗaure shi da bel a kujera ɗaya, cikin ƙarar da ba ta yankewa. Kowane zamani da irin tasa wahalar.

Masana suna auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar mutum biyu a ɗaki takan kai kimanin 60. Cikin jirgin fasinja idan ya daidaita a sama, ƙarar takan kasance tsakanin 75 zuwa 85, gwargwadon irin jirgin da kuma inda mutum ya zauna, kuma takan zarce haka a lokacin tashi. Kujerun da ke bayan fuka-fukai, inda iskar inji ke fita, sun fi na gaba ƙara. Wannan ma'auni ba kamar mudu yake ba: duk ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar tare da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019, ta sa iyakar sauraro ta na'ura ga babba a kan desibel 80 na sa'o'i 40 a mako, ga yara kuma 75 na sa'o'i 40. Duk lokacin da aka ƙara desibel 3, sai lokacin da aka yarda da shi ya ragu da rabi.

A nan ne matsalar take. Uwa ta miƙa wa yaro waya ko kwamfutar hannu da iyafis na gama-gari domin ya kalli katun ya bar mutane su huta. Yaron ba zai ji maganar 'yan katun ba sai sautinsu ya rinjayi rugugin jirgi, don haka zai ƙure murya. Ke nan an ɗora ƙara a kan ƙara, a cusa ta kai-tsaye cikin kunnen da bai gama ƙwari ba, na tsawon sa'o'i. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, su ne ke karɓar sauti su aika wa ƙwaƙwalwa. Idan ƙara ta lalata su ba sa sake tsirowa. Ita dai hukumar lafiyar ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan ɗaya a duniya na cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraro. Tafiya guda ba za ta kurmantar da yaro ba, amma ɗabi'ar ƙure murya a irin wannan zama ake koyonta.

Hedifon mai kashe ƙara dabararsa daban ce da ta auduga ko yatsa a kunne. Sauti girgizar iska ce, tana tafiya kamar igiyar ruwa, tana hawa tana sauka. A jikin na'urar akwai ƙananan makirfo da ke sauraren ƙarar waje. Nan take sai ta ƙirƙiro wata igiyar sauti kishiyar waccan, inda ta farko ta hau ita ta sauka, inda ta sauka ita ta hau. Idan suka haɗu a bakin kunne sai su rage wa juna ƙarfi. Wani Bajamushe mai suna Paul Lueg ne ya yi wa wannan tunani rajista tun a shekarun 1930, amma kayan lantarkin zamaninsa ba su da saurin aiwatar da shi. A 1978 Amar Bose, malami a jami'ar MIT ta Amurka wanda mahaifinsa ɗan Indiya ne, yana cikin jirgi daga Turai zuwa gida ya ga ƙarar inji ta hana shi jin daɗin kiɗan da ake saka wa fasinjoji, sai ya fara lissafin maganin abin tun kafin a sauka. A Disambar 1986, matuƙa biyu, Dick Rutan da Jeana Yeager, suka zagaya duniya cikin kwana tara a jirgin Voyager ba tare da sauka ko ƙarin mai ba, sanye da samfurin gwaji na wannan na'ura domin kare kunnuwansu. Matuƙa jirgi aka fara sayar wa ita, sai a shekarar 2000 kamfanin Bose ya fito da wadda aka yi domin fasinja. Wato abin da na rataya wa ɗana a kai, a cikin jirgi aka haife shi, domin jirgi.

Da muka tashi daga Kano, ban ba su na'urar ba sai da ma'aikatan jirgi suka gama bayanin matakan kariya. Wannan bayani na bel da rigar ruwa da abin shaƙar iska, ko mutum ya ji shi sau ɗari, ya kamata yaro mai wayo ya ji shi da kunnensa, ya kuma ga iyayensa sun natsu suna saurare. Bayan jirgi ya daidaita na kunna wa ɗan shekara biyar ɗin tasa, ban saka masa komai ba tukuna. Ya zaro ido ya ce, "Abba, jirgin ya tsaya ne?" Na ɗaga masa ɓangare ɗaya ya ji rugugin na nan, na mayar, ya yi dariya. Ya maimaita wannan wasa har ya gaji, sannan ya nemi katun. Na daidaita muryar ƙasa da rabin ƙarfinta, kuma ya ji komai sarai. Shawarar masana ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura, kuma a cikin jirgi wannan ba ya yiwuwa sai an fara rage ƙarar waje. Wannan shi ne babban amfaninta, ya fi ma barcin da yaron ya samu daga baya.

Mahaifiyata ba ta gamsu da farko ba. Ta dube su duka biyun, kowa da tulun abu a kunne, ta ce da ni, "Kai yanzu da kuɗinka ka saya musu kunnen ƙashi? Yaron da ake fama ya ji kira, ka toshe masa kunne?" Na ce, "Hajiya, ki gwada kiransa." Ta kira yarinyar da muryar da ta saba, yarinyar ta waiwayo. Dalili shi ne na'urar ta fi ƙarfi a kan sauti mai kauri wanda ba ya canzawa, irin na inji ko janareta ko fanka. Muryar mutum tana hawa da sauka ba zato, don haka ba ta iya share ta gaba ɗaya, sai dai ta rage. Amma maganar Hajiya tana da gaskiya ta wani ɓangaren. Idan ana saka wa yaro fim, hankalinsa ne ke tafiya, kuma wannan ba ruwansa da fasahar kashe ƙara. Don haka muka yi ƙa'ida: idan an kawo abinci a cire, idan matuƙi zai yi magana a cire, idan babba ya taɓa kafaɗarka ka cire ka amsa. Bayan kowace sa'a kuma a huta, a miƙe ƙafa, a sha ruwa, domin iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai.

Auta kuwa ba a sa masa mai lantarki. Jariri ba zai iya cewa sauti ya yi masa yawa ba, kuma hedifon na manya yana da nauyi, yana matse kai. Nasa abin rufe kunne ne kawai mai soso a ciki, da maɗauri mai laushi da ke zagaya kai ba tare da ya danne maɗiga ba. Ya yarda da shi na ɗan lokaci, ya fizge, uwarsa ta bari har barci ya ɗauke shi sannan ta mayar masa. Yaron da bai kai shekara biyu ba a cinya yake tafiya, don haka duk motsinsa a jikin uwarsa yake ƙarewa. Sa'a biyun da ya yi yana barci su ne hutun da ta samu a zangon farko. Na ga wasu iyaye suna ba yara maganin mura ko na tari domin su yi barci. Wannan kasada ce idan ba likita ne ya rubuta ba, domin akwai magungunan da ba a yarda a ba ƙananan yara ba, wasu kuma maimakon barci sai su ƙara wa yaro rikici.

Saukarmu Addis Ababa ta zo da sauƙi, ba wanda ya kama kunne, kuma akwai dalili. Jirgi yakan yi tafiya a tsayin mita dubu goma ko fiye, inda iska ba ta isa numfashi ba, don haka ake matsa iskar cikinsa ta yi daidai da ta wuri mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Shi kuwa filin jirgin Bole yana kan tudu mai tsayin sama da mita 2,300. Wato iskar da ke cikin jirgi da wadda ke waje a ƙasa kusan ɗaya suke, kunne ba shi da wani gyara mai yawa da zai yi. Abin da ya tarbe mu shi ne sanyi, da ƙanshin gahawa, da agogon da ya yi gaba da sa'a biyu. Zauren jira cike yake da mutanen Afirka ta kowace kusurwa, masu zuwa Dubai da Guangzhou da Mumbai da Jidda, kowa da yarensa, ga lasifika tana kiran jirage ba ƙaƙƙautawa. A nan yarinyar ta sa na'urarta ba tare da ta kunna komai ba, ta buɗe littafinta. Ni kuma na bar kunnena a buɗe, domin dole a samu mai jin kiran jirgi.

Wannan batu ina son in tsaya a kansa. Na sha ganin uba ya rataya hedifon mai tsada, ya rufe ido, ya bar uwa da yara uku tana fama. Na'urar ba za ta share kukan jariri ba, amma tana ba mai ita uzurin yin kunnen uwar shegu. A ganina, iyayen da ke tafiya da yara ƙanana bai kamata su toshe kunne su biyu a lokaci ɗaya ba, kuma adalci shi ne a yi karɓa-karɓa. Mu haka muka yi: idan na karɓi auta, sai maiɗakina ta ari ta yarinyar ta runtsa na rabin sa'a. Fasinjan da ba shi da yaro kuwa, wanda ya san kukan jarirai na damunsa, shi ya fi kowa dacewa ya sayi tasa, maimakon ya riƙa harara da tsaki. Uwar da ɗanta ke kuka a jirgi ta fi kowa jin nauyin abin, ba ta buƙatar a tuna mata. Haka su ma iyaye akwai haƙƙin maƙwabcin kujera a kansu, kuma saka wa yaro katun a lasifikar waya cikin dare cin wannan haƙƙi ne.

A zango na biyu muka miƙa arewa, muka bi saman Bahar Maliya. Mazan ayarinmu sun riga sun ɗaura harami tun a filin jirgi. Da aka kusa daidai da mikati, jagoranmu ya tashi ya sanar, na sa yaran suka cire komai suka ajiye a jaka. Akwai sautin da aka yi tafiyar dominsa, kuma ba na son su ji shi ta bayan soso. Muryoyin talbiyya suka tashi daga kujeru daban-daban, na tsofaffi da na matasa, har suka rinjayi rugugin inji. Yaron ya riƙa bin bakin kakarsa yana maimaitawa.

Jidda a bakin teku take, don haka saukarta ta bambanta da ta Addis Ababa. Yayin da jirgi ke gangarowa, iskar ciki tana ƙara nauyi tana danna dodon kunne. Akwai wata siririyar kafa da ta haɗa cikin kunne da bayan hanci, ita ke buɗewa idan an haɗiyi yawu ko an yi hamma, ta daidaita iskar. A jikin yara wannan kafa gajera ce, ƙunƙuntacciya, kuma a kwance take, shi ya sa ba ta saurin buɗewa. Wannan ne asalin kukan da ke cika jirgi a rabin sa'ar ƙarshe, kuma hedifon komai tsadarsa ba ya maganinsa, domin matsalar ta nauyin iska ce. Maganin shi ne haɗiya. Muka tashi auta daga barci tun kafin a fara gangarowa, domin mai barci ba ya yawan haɗiyar yawu, uwarsa ta ba shi nono. Manyan aka ba su ruwa suna kurɓa kaɗan-kaɗan, yarinyar kuma da cingam. Duk da haka yaron ya yi ƙorafin kunnensa na dama har sai da muka fito daga jirgi. Wanda ɗansa ke da mura mai ƙarfi ko ciwon kunne, ya ga likita kafin ranar tafiya, domin toshewar hanci tana tsananta abin.

Saura maganar kuɗi, wadda ba za a kauce mata ba. Manyan samfura na kamfanoni irin su Bose da Sony sun haura dala 300, abin da ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sau da dama. Ba lallai ne a sayi waɗannan ba. Akwai masu sauƙi da aka yi domin yara, masu iyakance ƙarfin sauti a kan desibel 85, kodayake ita ma wannan iyakar ta zarce 75 ɗin da aka ambata, don haka ido na iyaye bai faɗi ba. Wanda bai samu mai lantarki ba, abin rufe kunne irin na masu aikin injin niƙa ko kafintoci, in dai ya yi daidai da kan yaro, yana rage ƙara sosai kuma ba ya buƙatar batir. A kasuwannin waya akwai jabu da aka rubuta musu abin da ba sa yi. Gwajin mai sauƙi ne: a sa a kunne kusa da janareta ko babbar fanka, ba tare da kiɗa ba, a danna maɓallin. Idan rugugin ya faɗi nan take, na gaske ne. A zaɓi mai rufe kunne gaba ɗaya, domin na cusawa ba ya zama a kunnen yaro. A cika batir tun a gida, a riƙe waya mai jona shi da allon kujera, domin ba kowane jirgi ke karɓar Bluetooth ba, wasu kuma mahaɗarsu mai baki biyu ce. Fawa bank kuwa a jakar hannu ake sa shi, ba a yarda ya shiga kayan awo ba. Kuma a bar yaro ya saba da na'urar kwanaki kafin tafiya, musamman yaran da ƙara ke firgita su fiye da sauran, kamar masu lalurar galahanga, waɗanda irin wannan kariya kan zama musu bambanci tsakanin tafiya da fasa tafiya.

Daga Jidda zuwa Makka tafiyar kimanin kilomita 80 ce, kuma a mota duk suka yi barci ba tare da wata na'ura ba. A kwanakin da muka yi a Makka da Madina, hedifon ɗin na cikin akwati, ba wanda ya neme su sai ranar dawowa. Amfaninsu ke nan: kayan hanya ne, kamar laima a damina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bayan mun dawo shi ne yadda muke sakaci da kunnen yara a gida. Muna kwantar da jariri kusa da janareta, muna zaunar da yara gaban lasifikar biki, muna aikensu injin niƙa su tsaya har a gama. Ciwon ido ana ganinsa a garzaya asibiti, amma raunin ji a hankali yake shiga, sai yaro ya fara ja baya a aji a ce ba ya mai da hankali. Duk ranar 3 ga Maris duniya na tunawa da lafiyar ji, mu kuwa ba mu cika lura da ita ba. Mai shirin tafiya da yara ya sa kunnuwansu cikin lissafin guzuri kamar yadda yake sa fasfo da katin rigakafi, kuma idan ya dawo kada ya bar lissafin a filin jirgi. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su lafiya.